Sidi Ɗari da Ɗaya

Shekara ashirin da shida ina ɗaga ƙofar ƙarfe a Adum,
Baba Tikamdas na bayana, makullai na kuka a ƙugunsa.
Sai ya tuɓe takalmi kamar mai shiga gidan surukai,
ya taɓa dokin ƙofa, ya taɓa goshi.

Can ƙurya, tsakanin atamfa da leshi,
akwai ɗan kanta da bai taɓa ɗaukar haja ba:
fitilar man shanu, furen da matarsa ta tsinko,
hoton wani mai farin gemu zaune a bayan kifi.
Ban tambaya ba, bai ce in duba ba.
In azahar ta yi, shi ke duba agogo:
"Sallau, lokacinka."
In shimfiɗa kwali bayan diloli in ba shi baya.

Cinikin farko ba ya shiga bashi.
Ko Maame Fosuaa, da ta girmi rabin Kejetia a harka,
sai ta ajiye sidi guda, ya kai shi goshi,
sannan ta kwashi turmi talatin, sai ran Litinin.

Da akwati ɗaya ya sauka ƙasar nan, in ji shi,
da wasiƙar kawu a aljihun gaba.
Jarinsa sunan kakansa.
"Mu, in ka cuci mutum guda a Kumasi,
kafin sati a Legas an daina amsa gaisuwarka."

Ba waliyyi ba ne.
Albashina tafiyar hawainiya ya yi.
'Ya'yan 'yan'uwansa sukan zo ba su san yadi daga kamu ba,
ni in koya musu,
wata uku su hau kujerar kuɗi, ni ina kan tsani.
Na haɗiye wannan da kokon safe, shekaru.

Amma shekarar da wuta ta ci layin masu zane
Fosuaa ta zo da toka a ɗankwali, ba ta ce komai ba.
Ya buɗe jan littafi, ya ja layi a kan sunanta.
Ɗansa Haresh, sabon dawowa da kwamfuta,
ya ce, "Baba, wannan ba ciniki ba ne."
Ya ce, "Abin da ka aikata ƙafa gare shi,
in bai cim ma ka yanzu ba, yana jira a wata haihuwar."
Ni ban yarda da wata haihuwar ba.
Na dai san akwai mizani,
na yi shiru na ci gaba da naɗe yadi.

Duk daren fitilunsu yakan rufe tsohon littafi,
ya buɗe sabo, shafin farko ba lamba ko ɗaya,
sai sunan wanda yake kira.

Ran da na ce zan kama rumfa a Aboabo
bai ɗago kai ba.
Washegari dila takwas na jirana, ba takarda.
Na ce, "Baba, ban da ruwa. Addinina."
Ya yi dariya har ya yi tari:
"Ubangijinka ya fi ni tsaurin lissafi.
Kawo uwar kuɗi kafin fitilu."

Safiyar da na buɗe, tasi ta tsaya a kwata.
Ya fito da sanda, ya tuɓe takalmi a ƙofata,
ya zaɓi yadin da ba zai taɓa sawa ba.
Na ce ɗari. Ya ƙirgo ɗari da ɗaya.
Na miƙa masa ɗayan, ya ture hannuna:
"Ɗari rufaffe ne. Ɗayan nan ƙofa ce."

Bara aka ƙone shi, aka kai tokar teku.
Ban je ba. Na rufe rumfa yini guda.

Littafina baƙi ne, na 'yan makaranta.
A shafin farko Bismillah na rubuta.
Sidin yana nan, manne da salatif a ƙasanta.